ADANA ƘANANAN KAYAN LAMBU DA ƊAUKARSU: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Dalilin wannan takarda

An shirya wannan takarda domin masu girma hakimai da magatakardansu, da fatan za su isar da abin da ke cikinta ga dagatai da masu unguwa, su kuma su isar ga masu noman lambu. Maganar da ke ciki ta ƙananan kaya ce, irin su fartanya da lauje da ƙullin iri da igiya, waɗanda ba safai a ke kawo zancensu a gaban manya ba. Amma duk wanda ya san zaman sulhu a ƙofar hakimi ko ta dagaci ya san yawan ƙarar da a ke kawowa a kan aron fartanya da ba a mayar ba, da irin da aka musanya, da dabbar da ta lashi taki ta mutu.

Noman rani ya ƙaru ƙwarai a ƙasar Hausa. A dā jigo da guga ne abin ban ruwa, mutum ɗaya kuwa ba ya iya shayar da fili mai yawa da su. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Bakolori a 1978, sai dubban manoma suka shiga aikin rani a Kadawa da Kura da Talatar Mafara. Daga farkon shekarun 1990 kuma shirin Fadama ya yaɗa ƙananan injunan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse a fadamu. Sai kayan mai lambu suka yawaita. Wanda kakansa ya kan fita da fartanya da guga kaɗai, shi yanzu yana fita da taki da magani da abin feshi da mesa da jarkar mai. Da yawaitar kaya sai ɓata da lalacewa da hatsari suka yawaita su ma.

Ga misali na lissafi. A ce lambun mutum tafiyar rabin sa'a ne daga gidansa. In ya isa ya tarar ya mance da wani abu, zuwa da dawowa sun ci masa sa'a guda, kuma ta safe, wadda ta fi kowace albarka ga ban ruwa. In haka ta faru sau 3 a mako, cikin wata 4 na aikin rani ya yi asarar sa'a wajen 50, watau kwana 6 ke nan na cikakken aiki. Ba wanda zai yarda a ƙwace masa ladan kwana 6, amma mutane da yawa su kan zubar da shi a hanya ba su sani ba.

Rabe-raben kayan

Tushen tsari shi ne a raba kayan gida huɗu, kowane da mazauninsa da abin ɗaukarsa, kada a gauraya su ko a gida ko a hanya.

1. Kayan ƙarfe: fartanya, da hauya, da kalme, da sungumi, da dagi, da lauje, da adda, da ɗan gatari, da manjagara, da shebur, da wuƙa, da zarto na wasi.

2. Iri da dashe: irin albasa, da tumatir, da barkono, da tattasai, da attaruhu, da kuɓewa, da latas, da karas, da kabeji, da alayyafo, da sauransu.

3. Taki da magani: takin zamani, da maganin ƙwari, da maganin ciyawa, da abin feshi, da cokali ko murfin da a ke awo da shi.

4. Tarkacen aiki: igiya, da turaku, da guga, da bokitin ban ruwa, da buhunan da babu kome ciki, da kayan inji kamar sifana da fulogi da robar ɗaure mesa.

Dalilin wannan rabo a fili ya ke. Ƙarfe yana huda buhu da leda. Takin zamani yana cin ƙarfe. Magani yana kashe mutum da dabba. Iri kuwa mai rai ne, zafi da laima suna kashe shi.

Mazaunin kayan ƙarfe

Abokan gāban kayan ƙarfe biyu ne, tsatsa mai cin ruwan fartanya, da gara mai cin ƙotarta. Duka biyu daga ƙasa su ke samun hanya. Saboda haka ƙa'ida ta fari ita ce kada a kwantar da kayan aiki a ƙasa, kada kuma a jingina su da bangon ƙasa har su daɗe. A kafa turaku ko manyan ƙusoshi a bangon zaure ko na wani ɗaki, sama da inda hannun yaro ke kaiwa, a rataye kowane abu a nasa, kaifinsa yana fuskantar bango. Wanda ba shi da ɗaki ya kafa gwafa biyu a ƙarƙashin rumfa, ya gitta sanda, ya rataye a nan.

Akwai wata dabara mai sauƙi wadda ba ta bukatar iya karatu. Bayan an rataye kayan, a ɗauki gawayi ko farar ƙasa a zana siffar kowane a jikin bango, a bayansa. Da magariba, in mai lambu ya ɗaga kai ya ga zane babu abinsa, ya san abin da ya kwana a waje, sai ya neme shi tun bai yi nisa ba.

Kafin a rataye kowane ƙarfe sai a kankare ƙasar da ta manne masa, a goge shi ya bushe. Wannan ba don tsatsa kaɗai ba ne. Akwai cututtukan shuka da ke zaune cikin ƙasa, kamar mai sa tumatir ya yi yaushi farat ɗaya ya mutu, da ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. Ƙasar da ta manne wa fartanya ta isa ta ɗauke su daga fangali mai ciwo zuwa mai lafiya, ko daga lambun wani zuwa na maƙwabcinsa in an yi aro.

Sau ɗaya a mako a wasa abin da ke bukatar wasi, a shafa masa ɗan mai. Wuƙa da laujen da a ke yankan ganyen ci da su, man gyaɗa ko man kaɗe za a shafa musu, ban da baƙin mai na inji. Ƙota kuwa a zaɓi ta icce mai ƙarfi, kamar ƙirya ko marke ko aduwa, wanda ya bushe sarai. In ƙota ta tsage ko ruwa ya yi sako-sako, a gyara a ranar, gama ruwan fartanya da ya fice a tsakiyar sara ba ya zaɓen wanda zai sama.

Iri

Iri ya fi kowane kaya ƙanƙanta, ya kuma fi su tsada in aka auna nauyi da nauyi. Giram ɗaya na irin tumatir ya kan ƙunshi ƙwaya wajen 300, don haka ɗan abin da ya zube daga ƙulli mai huda ya isa fangali guda. Masana iri sun tabbatar cewa bushewa da sanyi su ke tsawaita ransa, har an ƙiyasta cewa rage zafin wurin ajiya da digiri 5 ya kan ninka kwanakin da zai yi da rai. Ashe ke nan wanda ya soke ƙullin iri a ƙarƙashin rufin kwano, ko kusa da murhu, ko ya yini da shi a aljihu cikin rana, ya rage masa kwana da hannunsa.

A shanya iri a inuwa har ya bushe ƙayau, a zuba kowane a takarda ko ƙyalle nasa, sa'an nan a tara ƙulle-ƙullen cikin kwalba ko gwangwani mai murfi, ko ɗan tulu da aka liƙe bakinsa. Busasshen toka ko busasshen ganyen darbejiya su kan taimaka wajen korar ƙwari. A aje a ɗakin da ya fi sanyi, a bisa wani abu, ko a rataye a ragaya saboda ɓera.

Kowane ƙulli a rubuta masa abu uku: sunan irin, da inda aka samo shi, da watan da aka tara shi da shekarar, ko da boko ko da ajami. Wannan rubutu yana da muhimmanci domin iri ba tsawon ransu ɗaya ba. Irin albasa ba ya daɗewa, a ƙasa mai zafi ya kan yi rauni in ya haura shekara guda, amma na tumatir ya kan kai shekaru in an adana shi da kyau. Masu noman albasa a Aliero ta ƙasar Kebbi da Galmi ta Jamhuriyar Nijar ba su yi suna a banza ba, kula da iri yana cikin tushen sana'arsu. Kuma irin barkono da na tattasai da na attaruhu sun yi kama da juna ƙwarai, wanda bai rubuta ba sai shuka ta yi 'ya'ya zai san abin da ya shuka.

Kafin a yafa tsohon iri sai a gwada shi. A ƙirga ƙwaya 20, a nannaɗe cikin ƙyalle mai laima, a aje a inuwa, a riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7 zuwa 10. In 16 ko fiye sun tsiro, irin yana da kyau. In ba su kai 10 ba, gara a nemi wani tun lokacin shuka bai wuce ba. Ranar shuka kuma a ɗebi na ranar kaɗai, a bar sauran a gida.

Taki da magani

Takin zamani, musamman yuriya, yana jan laima daga iska, sai ya narke ko ya dunƙule kamar dutse, ƙarfinsa kuma ya ragu. A ɗora buhun a kan katako ko duwatsu, nesa da bango, a ɗaure bakinsa bayan kowace ɗiba. Kada a aje shi kusa da kayan ƙarfe, gama yana sa su tsatsa da sauri. Kada kuma a bar shi inda tumaki da awaki za su kai, domin yuriya tana kashe dabbar da ta ci ta da yawa.

Maganin ƙwari da na ciyawa guba ne, a nan kuwa maganar ta rai ce. A aje su cikin akwati mai kwaɗo, ba a ɗakin kwana ba, ba a ɗakin girki ba, ba a rumbu ba. Kada a taɓa juye magani cikin kwalbar lemo ko gorar ruwa, don yaro mai ƙishi ba ya tambaya. A bar shi cikin kwalbarsa ta asali da takardarta, gama takardar ce ke faɗin yawan da za a auna, ita ce kuma za a nuna wa likita in tsautsayi ya auku. A ƙasan takardar a kan sa zane mai launi: ja shi ne mafi hatsari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. A duba kuma lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa irin waɗannan magunguna rajista a Nijeriya. Akwai tsofaffin magunguna da dattawa suka sani, kamar Gamalin, wanda aka sa sinadarinsa cikin jerin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da su a noma a 2009. In an tarar da ragowar irinsu a lungu, a sanar da malamin gona.

Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau 3, a zuba ruwan ɗaurayar cikin abin feshi, sa'an nan a huda ta don kada wani ya mai da ita gorar ruwa ko ta man girki. Cokalin awo ya zauna tare da maganin, kada ya koma cikin kwanukan gida. In da hali a raba abin feshin ciyawa da na ƙwari, domin ɗan ragowar maganin ciyawa a tanki ya isa ya murɗe ganyen tumatir. In ɗaya ne a ke da shi, a wanke shi da sabulu sosai, nesa da rijiya da rafi. Fetur na inji kuma a aje shi cikin jarka mai murfi, a inuwa, nesa da wuta.

Ɗauka daga gida zuwa lambu

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A haɗa kayan gobe tun da dare, sai dai iri da magani, waɗanda za a ɗauko da safe daga ma'ajiyarsu.

Ƙananan kaya su ne masu saurin ɓata, saboda haka su ke bukatar jaka mai aljihu. Wanzamai sun daɗe da gane haka, shi ya sa zabirarsu ke da wurin kowace aska. Mai lambu ya kwaikwaye su. Baduku ko tela zai iya ɗinka masa jakar ratayawa, ta fata ko ta tsohon tamfol, mai aljihu 5 ko 6: na wuƙa, na zarto, na igiya, na sifana da fulogi, na ƙullin iri. Wanda bai samu ba, ko tsohon bokiti ko jarkar man girki da aka yanke samanta aka bar mariƙin, ta wadatar.

Dogayen kaya a haɗa su dami ɗaya, a ɗaure wuri biyu, kawunansu gefe guda, a nannaɗe kaifin da tsohon buhu. Lauje da adda da wuƙa su kasance cikin kube, ko na fata ko na tsohuwar tayar mota, kada a soke su tsirara a ɗamara. Raunin kayan lambu ba abin rainawa ba ne, gama ƙwayar cutar sarƙe-haƙora tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta rauni kuwa ta ke shiga jiki. Wanda ya ji ciwo mai zurfi ya wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, ya tafi asibiti don allura, kada ya cusa masa ƙasa ko toka.

In da jaki za a ɗauka, a sa masa akumari mai kauri, a daidaita nauyin mangala gefe da gefe. Buhun taki mai kilo 50 gara a raba shi biyu da a ɗora shi gefe ɗaya a cike ɗayan da duwatsu. In da baro ne, a sa mai nauyi can gaba bisa ƙafar, mara nauyi kusa da hannu. In a keke ko babur ne, a ɗaure dogayen kaya a tsawonsa, kada a gicciye su, saboda masu wucewa a ƙunƙuntar hanya. Abin feshi kuwa a tafi da shi babu kome a ciki, a haɗa maganin a lambu, gama lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, mai cin lita 16 in an cika shi ya kusa kilo 20 har da nauyin tankin, kuma yoyonsa a bayan mai ɗauka zai zuba. Ko ta yaya aka yi ɗauka, magani ba ya haɗa jaka da abinci ko ruwan sha ko goro, ba a kuma aiken yaro da shi.

Dashe yana da tasa ƙa'ida. A shayar da wurin renon kafin a cire, a jera dashen a tsaye cikin ƙwarya ko kwando, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a dasa da la'asar sa'ad da rana ta yi sanyi. A lura kuma da kwandunan da suka dawo daga kasuwa. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna a 2016, tana bin dashe da kwandunan ɗaukar kaya daga wuri zuwa wuri. A kakkaɓe kwando a wanke shi, a shanya shi a rana, kada a shigar da shi kusa da wurin reno.

A bakin lambu

Da isa sai a sauke kaya wuri ɗaya, a gindin itace ko a 'yar bukka, a kafa gwafa ta ratayawa. Abin da aka gama aiki da shi a mayar nan take, kada a yar cikin fangali, inda ruwa zai rufe shi ko ƙafa ta taka. Manjagara a kife haƙoranta ƙasa. A ɗaura jan ƙyalle ko a shafa fenti a ƙotar ƙananan kaya don a hange su cikin ganye. Kafin a tashi a ƙirga kayan: in da guda 9 aka zo, da guda 9 za a koma.

Aikin magatakarda

Inda masu lambu suka yi ƙungiya suka sayi kaya na tarayya, ko gwamnati ko wata hukuma ta ba su, lalle ne a buɗe musu littafi, magatakardan hakimi ko na dagaci ya nuna wa sakatarensu yadda a ke riƙonsa. Kashi na fari shi ne jerin kaya: lamba, da sunan abu, da ranar da aka same shi, da kuɗinsa, da halin da ya ke ciki. Kashi na biyu shi ne na aro: kwanan wata, da lambar abin, da sunan mai aro da unguwarsa, da ranar da ya yi alkawarin mayarwa, da sa hannunsa ko dangwalensa, da ranar da ya mayar, da yadda abin ya dawo. Lambar da ke littafi a sa maƙeri ya buga ta a jikin ƙarfen, a kuma ƙona ta a ƙota.

A ƙirga kayan sau biyu a shekara a gaban shaidu, da kaka kafin a fara aikin rani, da bazara bayan an gama. Abin da ya lalace a rubuta ya lalace, kada a goge sunansa a yi shiru, gama daga irin wannan shiru zargi ke tasowa. A kuma yanke tun da wuri wanda zai biya in abu ya karye a hannun mai aro, a rubuta a shafin farko, a karanta wa kowa.

Abin da a ke roƙon hakimai

Ana roƙon masu girma hakimai su sa a karanta wannan bayani a taron dagatai kafin ruwa ya janye daga fadama. Su umurci Sarkin Noma da malamin gona su zaga su ga ma'ajiyar magani a gidajen masu lambu, da lalama, ba da tsoratarwa ba. Su yi magana da Sarkin Maƙera don a yi gyaran kaya da buga lamba tun kaka ba ta wuce ba, kafin maƙera ta cika da masu gaggawa. Su kuma ja kunnen masu sayar da magani a kasuwannin ƙasarsu a kan ɗura shi cikin kwalabe marasa takarda. In hakimi ya fara da lambunsa, aka ga kayansa a rataye kowane da lambarsa, talakawa za su bi ba sai an yi ta nanatawa ba.

Don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Duk abin da aka zayyana a nan ba ya bukatar kuɗi sai kaɗan, turaku ne da igiya da kwalba da littafi guda. Allah ya ja zamanin sarakuna da hakimai, ya ba manoma albarkar rani da damina, amin.